Ɗan Tauri Ba Ya Riƙe Lauje

Ku gyara zama ku ji labarin Gwadabe, saurayin da bakinsa ya riga shi girma. A Garin Kaba aka yi shi, wani ƙauye a bakin kogi, gabas da birnin Haɗeja in ka kama hanyar Kirikasamma, tun zamanin da ake ciniki da wuri, ba a ko ji labarin Bature ba. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Ciwonsa ɗaya ne: in ya kama tarwaɗa da safe, kafin azahar ta zama kada a bakinsa.

Ubansa ya rasu ya bar masa tsohuwa da gona. Tsohuwar ita ce Iya, wadda ciwon gwiwa ya hana ta shiga ruwa, amma ba abin da ya taɓa harshenta. Gonar kuwa ta shinkafa ce a fadama, kuma a shekarar da nake ba ku labari ta yi kyau har masunta suna tsayawa a kan gorunansu su ce tubarkalla.

A kan wannan gonar auren Gwadabe ya rataya. Yakaka yake nema, 'yar Zarami mai sayar da kanwa, wanda kakanninsa suka zo daga gabas. Zarami ba mai yawan magana ba ne, sau ɗaya ya yi ta ya rufe baki.

Ya ce, "Ni ba na aurar da 'ya a kan surutu. Ranar da shinkafar gonar ubanka ta shiga rumbu, turo manya a sa rana. In ba ta shiga ba, kada ka wahalar da kowa."

Yakaka tana son Gwadabe, don yana sa ta dariya, ko da yake rabin dariyar bai san yana bayarwa ba. Aikin da ya rage masa kuma ba wani mai wuya ba ne. Ya kori tsuntsu, ya jira ta nuna, samarin gari su taya shi yanka, tun da gayya suke yi bi da bi, yau gonar wannan, gobe ta wancan.

Ana haka sai ya kai kifi kasuwar Haɗeja, ya tarar da 'yan taurin wani Sarkin tauri mai suna Baƙo suna wasa. Ƙarti sun ɗaura warki, sun sha layu, ganga na tashi, suna goga wuƙa a ciki da wuya tana zamewa. Mata na guɗa. Da aka tashi, Gwadabe ya ga mahauci ya miƙa wa Baƙo tsoka ba ciniki, mutane na darewa suna ba shi hanya. Ni ban ce babu 'yan tauri na gaske ba, akwai su, kuma ba na wasa da su. Amma na Baƙo, sai ku ji ku yanke hukunci da kanku.

Ya dawo gida ko sallama bai gama ba ya ce, "Iya, daga yau ɗanki ya daina zama mutum ɗaya."

Ta ce, "To mutum nawa za ka zama? In san yawan tuwon da zan tuƙa."

"Ƙungiya zan shiga. Tauri!"

"Taurin kai ai da shi aka haife ka, ɗan nan, ba sai ka je nema ba."

"Ba za ki gane ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke cikin tauri, in ya yi tari a Garin Kaba, daga Jahun za a ce masa sannu. Mahauci ya ba ka, mai jirgi ya ƙetare da kai, ranar aiki kuwa ƙarti su cika maka gona."

"Samarin da kuke gayya tare fa?"

"Waɗannan masu kaɗa ƙwarya suna bin tsuntsu? Iya, ina maganar zakuna kina kawo mini awaki."

Maganar awaki kuwa ta faɗa a kan gaɓa, domin washegari da Iya ta leƙa turke, baƙin bunsurunta ba ya nan. Shi ne gaisuwar shiga.

Gidan Baƙo yana wani ƙauye ƙetaren fadama. Gwadabe ya same shi a gindin goriba da mutanensa, ya zube ya kwashi gaisuwa. Baƙo ya dubi bunsuru da kyau, sannan ya dubi mai bunsuru.

Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, har suna na zo da shi. Gagarau Karya-Takobi."

Makaɗin ƙungiyar, wani siriri da ake kira Bunu, ya ce, "Suna ba a zuwa da shi daga gida. A nan ake samu. Tashi ka wanke karnukan Sarki."

Ya ja karnuka zuwa kogi yana taƙama. Karnukan Baƙo ba su taɓa wanka ba tun da uwarsu ta haife su, kuma ba su ga dalilin farawa ranar ba. Babban ya fizge, igiya ta naɗe ƙafar Gwadabe, sai ga shi rub da ciki, baki cike da laka. Kafin ya tashi Bunu ya riga ya sa abin a ganga: Sha-Taɓo, Sha-Taɓo. Da ya koma gari ya bayyana wa mutane cewa sunan na manya ne, ma'anarsa wanda in ya kafa kai a kogi sai ya shanye shi har taɓo.

Daga nan aiki ya kankama. Shi ne ɗaukar burgamin wuƙaƙe, shi ne ɗebo ruwa, shi ne kawo kifi. Magani kuwa aka ce ba a ba sabon shiga sai ya yi ladabi. Da shinkafar manya ta nuna, Baƙo ya kira shi cikin zaure ya nuna masa wani lauje a rataye, a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ya ce, "Ka ga wancan? Sau ɗaya na riƙe shi. Ɗan tauri ba ya riƙe lauje, narkewa yake a hannunmu. Shi ya sa sabon shiga ke yanka mana, tun bai sha magani ba."

Daɗi ya kama Gwadabe. Ya ce a ransa, baɗi war haka ni ma lauje zai ji tsorona. Ya faɗa gonar Baƙo, ya gama ya faɗa ta Bunu, ya gama ya faɗa ta mai bi masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana cikin haka Inuwa, wanda gonarsa ke iyaka da ta Gwadabe, ya zo ya same shi. Ya ce, "Abokina, an fara gayya. Jiya mun yi ta Shu'ibu ba mu gan ka ba, gobe tawa ce. Ka san dai gayya ramuwa ce."

Gwadabe ya ce, "Ku yi abinku. Ranar tawa ku zo kallo, amma ku tsaya nesa kada a tattake ku."

Inuwa ya ce Allah ya kai mu, ya tafi ya isar da saƙon ga samari yadda aka ba shi, bai rage ko kalma ba.

Da la'asar Yakaka ta tare shi a mashaya, tulu a kanta, shi kuma yana dawowa daga gonar mutane duk jikinsa ƙaiƙayi.

Ta ce, "Sannu da aiki, Sha-Taɓo. Shinkafarka ta fara sunkuyar da kai, tsuntsayen jan-baki kuma sun fara kai mata gaisuwa."

"Bar su su ɗanɗana. Ranar da 'yan'uwana za su sauka a gonar nan, kafin hantsi an gama."

"'Yan'uwan da lauje ke narkewa a hannunsu?"

"Su fa!"

"To da me za su yanka?"

Gwadabe ya yi dariya irin ta wanda ya san sirri. "Ba su za su yanka ba. Sabon shiga ke yanka."

"Wane ne sabon shiga?"

"Ni."

Wata dinya ta wuce ta samansu tana kuka.

Ya ce, "To ai shi ke nan, kin ga tsarin ya yi daidai. Na gama tasu in yanka tawa."

Ta ce, "Da haka za ka yi tun farko, da bunsurun Iya yana turke." Ta gyara tulu ta wuce, amma ba da dariya ta wuce ba, don abin ya fara ba ta tsoro.

Ranar da Gwadabe ya ɗaure damin ƙarshe a gonar ƙarshe, tun bai goge zufa ba Baƙo ya fito da ƙwarya cike da wani tsimi baƙi mai warin tsohuwar rijiya.

Ya ce, "Ladabinka ya cika. Sha. Amma da sharaɗi: daga ka haɗiye, kai da ƙarfe kun yi hannun riga har ranar wasan kalankuwa. Ba wuƙa, ba allura, ba aska, ba lauje. Ka taɓa, magani ya karye."

Kalankuwa kuwa, kowa ya sani, sai an gama kaka kaf ake yin ta, amfanin gona ya shiga rumbu.

Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, da ma a ɗan jinkirta, in yanka tawa..."

"Magani ba ya jira. Yau, ko baɗi. In tsoro kake ji faɗa mana, ba kai ne farkon wanda ya gudu ba."

Tsoro! Kalmar nan ita ta kashe shi. Ya kafa kai ya shanye har da gyatsa, ya dire ƙwarya ya ce ko akwai ƙari. Hanyar gida kuwa sau da yawa ana ganinsa yana ratsewa cikin kaba da gudu.

Zaman gaba da ƙarfe ba ƙaramin aiki ba ne. Ya daina bi ta ƙofar maƙera. In ya hango wanzami sai ya canja hanya, har kansa ya yi gizo. Rannan Iya ta ajiye masa tuwo da ɗan nama, ya kai hannu ke nan ta ce, "Naman nan dai da wuƙa aka yanka shi."

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya rufe akushi ya ɗauka har ƙetaren fadama don ya ji fatawa. Baƙo ya buɗe, ya duba, ya girgiza kai.

Ya ce, "Allah ya so ka da ka tambaya. Wannan haɗari ne gare ka. Ajiye shi nan. Duk wanda aka ƙara ba ka, ka kawo."

Gwadabe ya dawo yana yaba ilimin Sarki, ya ci tuwo gaya.

Shinkafa kuwa ta nuna har ta fara zuba. Samarin gari suna kaɗa ƙwarya da majaujawa a gonakinsu, duk jan-bakin da suka kora sai ya tashi kamar hayaƙi ya sauka a gonar da ba mai tsaro. Da abin ya kai intaha, Gwadabe ya je ya roƙi 'yan'uwansa gayya. Abin mamaki, ba su ƙi ba. Baƙo ya ce ɗan'uwa ba ya kira a ƙi amsawa.

Iya ta kwashe ɗan abin da ya rage a gida ta yi tuwon gayya da fura. Gwadabe ya bi gida gida yana cewa a fito a ga aiki. Da hantsi sai ga su sun iso da ganga da karnuka, mutanen gari suka yi cincirindo a kan tudu. 'Yan tauri suka nemi inuwa suka zauna, suka wanke hannu. Kafin ka ce kwabo akussa sun koma fes.

Iya ta dafa sanda ta ce, "To, bayin Allah, ga laujuna can na aro."

Baƙo ya ce, "Haba Iya, kayan aro? Mu lalata wa mutane? Mu ƙarfin gwiwa muka kawo. Bunu, ba shi!"

Ganga ta ɗauka: Sha-Taɓo, Sha-Taɓo. Gwadabe ya ji kiɗa ya shiga kansa. Ya tuɓe riga ya faɗa ruwa har cinya, ya kama shinkafa da hannu yana tuga. Ta taho da saiwa da laka, ƙwayar kuma ta zube cikin ruwa. Ya gwada ɓawon kara, ya karye. Ya sa haƙori. Wani tsoho a kan tudu ya ce shi dai ya ga dorina na kiwo, amma bai taɓa ganin wadda ake yi wa kiɗa ba.

Gwadabe ya ji ana dariya, ya ɗauka yabo ne. Ya zura hannu biyu can ƙasa don ya tumɓuko babban dami, sai ya damƙi wani abu mai santsi. Minjirya ce, kifin nan da in ya taɓa ka sai ka ji kamar aradu ta faɗa maka a hannu. Ihun da ya yi, sai da jan-baki suka tashi gaba ɗaya, karo na farko da wani ya kore su daga gonar. Ya yi sama ya dawo zaune cikin ruwa, haƙora na kaɗawa.

Iya ta ce, "Ɗan nan, lafiya?"

Ya ce, "Ma... maganin ne ke tashi."

Baƙo ya ce, "Alama mai kyau." Suka miƙe suka karkaɗe warki, suka yi wa Iya godiyar abinci, suka tafi.

Da yamma Yakaka ta zo ta same shi zaune bakin gona. Wannan karon ba ta tsokane shi ba.

Ta ce, "Gwadabe, har yanzu da saura a tsakiya. Je ka ba su Inuwa haƙuri. In kunya kake ji, ni zan tara ƙawayena mu zo da wuƙaƙe mu tsinke zangarniya. Ko rabin rumbu ne, zan san yadda zan yi da Baba."

Da mai hankali ne, da nan labarin ya ƙare da biki. Amma Gwadabe ya dubi tudun da mutane suka tsaya ɗazu, ya ce, "A ce matar ɗan tauri ta shiga taɓo? A ce Sha-Taɓo ya durƙusa wa masu kaɗa ƙwarya? Bari ki ga ranar kalankuwa. Da idon Baba zai ga wuƙa ta karye a cikina, shi da kansa zai ce a sa rana."

Ta ce, "Baba rumbu ya ce."

"Don bai ga wasan ba ne."

Ta juya ta tafi. Wajen Inuwa kuwa Gwadabe ya je, amma ba haƙuri ya kai ba. Tayi ya yi masa ya shigo ƙungiya, tun da ana neman sabon shiga, kuma akwai wata gona nan kusa da zai fara ladabi a kanta. Inuwa ya ce ya gode, shi bunsurunsa yana da amfani a gida.

Ranar kalankuwa Garin Kaba ya cika ya batse. An zo daga birni, an zo daga Kirikasamma, masu tallan fura da ƙosai sun kewaye fili. Zarami na zaune a gaba cikin dattawa, Yakaka na cikin 'yan mata. Manyan tauri suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suka goga wuƙaƙe, aka yi guɗa. Sai Bunu ya juya kiɗa.

Gwadabe ya yi tsalle ya dira tsakiyar fili, kai gizo, ƙirji waje. Ya yi kirari har muryarsa ta dushe: shi ne ya sha kogi har taɓo, shi ne minjirya ta taɓa ta mutu, shi ne maƙeran Haɗeja ke roƙo ya bar musu sana'a. Baƙo ya zaro wuƙa daga burgami ya miƙa masa.

Ya karɓa, ya shafa bakinta da babban yatsa, ya ɓata rai. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

Ya ce da ƙarfi, "Wa ya sako wannan cikin kayan Sarki? Ai dakusasshiya ce, ko kabewa ba za ta yanka ba!"

Baƙo ya ce ƙasa-ƙasa, "Yi da ita."

"Haba, ranka ya daɗe! So ake a ce 'yan taurin Baƙo da dakusasshiyar wuƙa suke wasa? Ba a gabana ba!"

Ya fizgi burgami ya zazzage a ƙasa. Ya ɗauki ta biyu ya shafa. "Wannan ma!" Ya ɗauki ta uku. "Kai, wannan gara ludayi! Jama'a ku shaida, maƙiya sun shiga kayanmu, duk sun dakusar da su!"

Kiɗa ya tsaya. Wata tsohuwa can baya ta fara ƙyaƙyatawa. Manyan tauri kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Gwadabe bai lura ba, yana can yana ceton mutuncin ƙungiya. Ya hango wanzamin da ya daɗe yana gudu, ya ce, "Kawo askarka!" Wanzami ya ce shi ba ruwansa, jama'a su zama shaida, ya miƙa. Gwadabe ya juya saitin Zarami, ya miƙe hannun hagu, ya ja aska a kan damtse da ƙarfin wanda ya yarda.

Askar wanzamin Garin Kaba ba ta san an sha magani ba. Gwadabe ya tsaya yana kallon abin da ke gangarowa zuwa gwiwar hannunsa.

Ya ce, "Wannan jan na wane ne?"

Wanzami ya ce, "Naka ne."

Sai Gwadabe ya sulale ya faɗa kan Bunu, ganga ta fashe, karnuka suka ɗauki haushi. Dariyar da aka yi ranar, an ce har masunta a tsakiyar kogi sun ji. Aka yayyafa masa ruwa, wanzami ya ɗaure hannun, yana cewa da ya bari ya yi masa askin ma gaba ɗaya.

Baƙo dai tsohon hannu ne. Ya daka tsawa ya ce, "Yaron nan ya karya sharaɗi! Ka taɓa ƙarfe ko ba ka taɓa ba?"

Gwadabe daga kwance ya ce, "Wallahi ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Ko nama ban ci ba, kai ne shaida."

"Ɗazu me ka riƙe?"

"Wuƙa. Ai yau ce ranar."

"Na ce har ranar wasa. Ka ji na ce ban da ranar?"

"Amma kai ka miƙo mini."

"Jarrabawa ce, ka faɗi. Ka koma sabon shiga sai baɗi."

Ba wanda ya yarda da wannan hukunci a duk filin sai mutum ɗaya. Gwadabe ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ma na san ba laifin magani ba ne."

Washegari, tun da yanzu ba abin da ya hana shi, ya ɗauki lauje ya nufi fadama. Ruwa ya janye. Gonar na nan shimfiɗe, kara a kwance, zangarniya fayau, ko tsuntsu ɗaya babu, don su ma sun gama kakarsu. Ya bi ta daga wannan iyaka zuwa waccan yana murza kan shinkafa a tafin hannu yana hurawa. Abin da ya tara bai rufe gindin hularsa ba. A nan ne, ba kowa kusa, bakin Gwadabe ya mutu, ya zauna a kan kunyar gona ya rasa wanda zai gaya wa ƙarya.

Da ya koma gida ya tarar an dawo da kayan toshinsa cikin faifai, an rufe da kyau, ba a taɓa komai ba. Zarami ko saƙo bai haɗo da shi ba. Iya ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Wannan shirun ya fi masa duk gorin da ta taɓa yi ciwo.

Ya tare Yakaka a hanya ya ce, "Baɗi fa zan sake sha. Wannan karon na san sharaɗin."

Idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Na sani. Shi ya sa."

Kafin ruwa ya sake sauka aka ɗaura mata aure da Inuwa. Dangin ango suka ce biki ba ya armashi sai da 'yan taurin Baƙo, domin tun ranar kalankuwa kasuwarsu ta buɗe, mutane sun gano sun fi 'yan kama ban dariya. Sabon shiga kuwa shi ke ɗaukar burgami, ba a ba shi zaɓi ba. Haka Gwadabe ya shigo gidan biki a gaban kowa, aka shimfiɗa musu tabarma daf da rumfar ango, inda ko dangi na kusa ba su samu ba.

Aka kawo tuwon sabuwar shinkafa, fari tas, mai na nasowa. Can cikin gida aka rangaɗa guɗa, za a fito da amarya. Gwadabe ya yanko loma ya kai baki, ta tsaya masa a maƙogwaro, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Wani saurayi ɗan Jahun da ke zaune kusa ya matso ya ce shi ma yana sha'awar shiga ƙungiyar, amma yana so ya ji daga bakin na ciki, shin akwai riba?

Gwadabe ya yi ta fama har lomar ta wuce. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce yaji ne ya yi yawa.

Ya ce, "Riba? Dubi inda aka zaunar da ni. Da ban shiga ba, wa zai gayyace ni bikin nan?"